Haɗa Kwamfutar Gem a Rano da Kibiya: Daga Soket Ake Fara Lissafi

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon haɗa kwamfutar gem a YouTube ya san yadda ake buɗe shi. Mai gabatarwa zai ɗago katin hoto, ya juya shi gaba da baya, ya ce a nan rabin kuɗin ya kamata ya tafi, sauran kaya su biyo baya. Shawara ce mai kyau ga wanda yake zaune a garin da wuta ba ta ƙiftawa, ɗakinsa da na'urar sanyaya iska, in kuma kaya ya ƙi aiki ya mayar wa kamfani a sauya masa. Saurayin da ke Rano ko Kibiya, wanda ya tara kuɗinsa daga gona, shagon cajin waya ko teburin POS, da wuya ya mallaki ko ɗaya daga cikin ukun nan. Tambayar da ta kamata ya fara yi wa kansa ita ce: wat nawa gidansu zai iya ciyar da kwamfuta, kuma na awa nawa? Amsar ita za ta zaɓar masa katin hoto, ita za ta zaɓi firosesa, har da kesin.

Kuskure a nan yana da tsada fiye da da. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ake lissafawa kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Babu ko sukurun kwamfuta ɗaya da ba da dala ake shigo da shi ba. Wanda ya ƙona katin hoto a makon farko, amfanin gonar damina guda ya ƙona, sai kuma wata kakar.

Lissafin batir

Kamfanin KEDCO ne ke raba wuta a Kano, Katsina da Jigawa. Tun Afrilun 2024, lokacin da hukumar NERC ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, aka ƙara fayyace cewa masu wannan rukunin ne aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, sauran rukunoni kuwa ƙasa da haka. Kowa ya fi kowa sanin awa nawa layin unguwarsu ke samu, da kuma ƙarfe nawa take zuwa. Janareto a da shi ne mafita, amma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da shi don a buga ƙwallo ya zama abin da sai an yi shawara da aljihu. Shi ya sa mafi yawan masu wannan buri a kan sola da inbata suke dogara, ko nasu ko na gida.

A ɗauki batir ɗaya mai bolt 12 da amfiya 200, irin wanda aka fi gani a gidaje. A takarda yana ɗauke da wat-awa 2,400. In ba na litiyam ba ne, wanda ke son ya daɗe ba zai zuƙe fiye da rabinsa ba, saura 1,200. Inbata ma tana cin nata kason wajen juya wutar, don haka abin da zai isa ga kwamfuta bai fi 1,000 ba. Yanzu sai a raba. Kwamfutar da ke jan wat 130 tare da monita za ta yi awa bakwai da wani abu. Wadda ke jan 240 za ta yi huɗu. Wadda ke jan 330 kuwa da ƙyar ta cika uku, kuma wannan in ba a kunna fanka ba, ba a sa wayar kowa a caji ba, wanda a gidan Bahaushe ba mai yiwuwa ba ne.

Waɗannan lambobi uku ba haka kawai aka zaɓo su ba. Kusan su ne hanyoyi ukun da ke gaban mai ƙaramin kuɗi.

Hanya ta farko ita ce a haƙura da katin hoto gaba ɗaya, a sayi firosesa mai ɗauke da nasa sashen hoto a ciki. Wanda ya fi shahara a wannan aji shi ne Ryzen 5 5600G na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2021. An ƙiyasta shi a wat 65, kuma a cikin wannan 65 ɗin har da aikin hoto. Yana ɗaukar eFootball da tsohon GTA V ba tare da wahala ba in an sassauta saiti. Inda yake gazawa shi ne sababbin wasanni masu nauyi. Kamfanin EA, da ya sauya wa FIFA suna zuwa EA Sports FC a 2023, ya ce mafi ƙarancin katin da FC 24 ke buƙata shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570, kuma sashen hoton 5600G bai kai su ba. Wasan zai buɗe, amma sai an rage girman hoton har fuskar 'yan wasa ta fara dishi-dishi. Kyawun wannan hanya shi ne ba ta rufe ƙofa: ramin katin hoto yana nan a madabod, ranar da kuɗi da sola suka ƙaru sai a soka.

Ga mafi yawan masu farawa a wannan yanki, wannan ce hanyar da ta fi dacewa, ko da yake ita ce wadda ba a burge abokai da ita.

Hanya ta biyu ita ce sayen kwamfutar ofis tokumbo, irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk, a ƙara mata ƙaramin kati. Arharta ce ke jan mutane, kuma ba laifi, amma tana da tarko uku. Na ɗaya, fawa-fak ɗin irin waɗannan ƙarami ne, kuma wayoyinsa na kamfanin ne kaɗai, ba a iya cire shi a sa na kasuwa cikin sauƙi. Don haka sai katin da ba ya neman ƙarin waya, wanda ke wadatuwa da wat 75 da ramin madabod ke bayarwa, kamar wasu nau'o'in GTX 1650 ko RTX 3050 mai gigabayit 6. Na biyu, siraran cikinsu ba sa ɗaukar kati mai tsayi, sai gajere na musamman, wanda ya fi wuyar samu kuma ya fi tsada. Na uku shi ne shekaru. Microsoft ta daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga firosesar Intel zubi na takwas take farawa. Ke nan OptiPlex mai Core i5-8500 ciniki ne, mai i5-4570 kuwa komai arharsa ya riga ya tsufa.

Hanya ta uku ita ce cikakkiyar haɗawa: firosesa daban, katin hoto daban. Ryzen 5 5600 ko Core i3-12100F sun wadatar. A lura cewa babu ɗayansu da ke da sashen hoto, don haka ranar da kati ya mutu monita baƙi ƙirin zai nuna. A nan ne ake samun jarrabawar da ta fi kayar da mutane, sunanta RX 580.

Katin da ya cika kasuwa

RX 580 ya fito ne a 2017, yana da gigabayit 8, kuma kusan a kowane shagon kayan kwamfuta za a same shi da farashi mai daɗin ji. Yawansa yana da dalili. Shekaru aka yi ana tara dubban irinsa a rumbuna ana haƙar kuɗin kirifto na Ethereum dare da rana. A ranar 15 ga Satumban 2022 Ethereum ta sauya tsari ta daina buƙatar katin hoto, sai masu rumbunan suka juye kayansu a kasuwa, wani kaso ya gangaro har nan. Ba duk katin da ya yi haƙa ne ya lalace ba. Amma fankarsa ta yi gudun shekaru, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da ƙarfen sanyaya ya bushe, wasu kuma an sake musu riga a Sin an sa su a sabon kwali. Akwai ma nau'in da ake rubuta wa 2048SP, wanda sunansa 580 amma ƙarfinsa na RX 570 ne.

Ko da an dace da lafiyayye, wat 185 yake ci shi kaɗai. RX 6600 na 2021 yana cin 132, kuma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. GTX 1660 Super yana cin 125. Bambancin wat hamsin ko sittin ba ya bayyana a shago, a gida yake bayyana: batir ya mutu ana tsakiyar wasa, ɗaki ya ƙara zafi, inbata ta fara kuka. Wanda ya sayi 580 don ya rage kuɗi, sau da yawa abin da ya rage ɗin shi zai kai wa mai batir.

Akwai kuma jabun kati, musamman masu sunan GTX 1050 Ti, waɗanda a zahiri tsofaffin katunan 2010 ne aka sauya wa bayanan ciki su riƙa faɗin sunan da ba nasu ba. Alama ɗaya mai sauƙi: in aka ga shuɗin ramin VGA a bayan katin da aka ce 1050 Ti ne, abin tuhuma ne, domin Nvidia ta daina sa wannan hanya a wannan zubi. Manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, tana tona asirin da yawa daga cikinsu.

Fawa-fak, inda ba a rowa

In akwai wuri ɗaya da mai ƙaramin kuɗi ya kamata ya rufe ido ya biya, to nan ne. Fawa-fak shi ke karɓar wutar bango ya tace ta ya raba wa sauran kaya, kuma shi ne na farko da zai gamu da duk wani haukan wuta. Akwai waɗanda ake bayarwa tare da kesin, an manna musu takardar wat 500 ko 650, in aka ɗaga su kamar kwalin ashana. Irin waɗannan in za su mutu ba su cika tafiya su kaɗai ba, sukan ja madabod ko kati su tafi tare.

Abin dubawa shi ne sunan kamfanin da aka sani, kamar Corsair, Seasonic, Cooler Master ko MSI, da tambarin 80 Plus. Tambarin yana nufin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja yana isa ga kwamfuta, sauran ne ke zama zafi. Ba shaidar inganci ba ce ɗari bisa ɗari, amma ga mai batir kowane kaso ribar mintuna ne. Sai a karanta jikinsa a ga ko an rubuta yana karɓar bolt 100 zuwa 240. Wutar Najeriya a ƙa'ida 230 ce, amma wanda ya zauna a ƙarshen layi ya san daren da ƙwai ke ja kamar garwashi. Mai faɗin zango yana jure wannan, wanda aka rubuta wa 200 zuwa 240 kawai sai ya riƙa kashe kansa. Wat 450 zuwa 550 na gaske sun ishi duk haɗin da aka ambata a sama. Sayen 850 almubazzaranci ne.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: fawa-fak na zamani ba ya shiri da inbata mai arha wadda wutarta ba ta fita sumul. Yakan yi ƙugi, ya yi zafi, wani lokaci ya ɗauke daidai lokacin da aka koma kan batir. Kafin a sayi komai, a duba jikin inbatar gidan a tabbatar irin mai tsabtatacciyar wuta ce, wadda masu sola ke kira fiyo sayin. Haka ƙaramin janareto irin Tiger: wutarsa hawa da sauka take, kada a haɗa kwamfuta da shi kai tsaye ba sitabilaiza. In da hali a ƙara ƙaramin UPS, ba don a ci gaba da wasa ba, don a samu minti biyar na kashewa cikin mutunci. Da damina kuwa, in hadari ya haɗo, babu na'urar kariya da ta kai zare fulogi daga bango.

Gidaje da yawa ba a yi musu wayar ƙasa ba. Alamarsa ita ce mutum ya taɓa kesin ya ji ɗan tsikari. Wannan aikin mai gyaran wuta ne, kuma kuɗinsa ya kamata ya shiga lissafin tun farko.

RAM, ma'adana da madabod

Gigabayit 16 na DDR4 ya isa, amma a sayi sanda biyu masu takwas-takwas maimakon ɗaya mai sha shida. Ga mai 5600G wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sashen hotonsa ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM yake ara, kuma sanda biyu suna ninka faɗin hanyar. Daga ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke fitarwa, don haka na hannu mai lafiya ba abin kunya ba ne. RAM na daga cikin kayan da ba su cika lalacewa ba.

Ma'adana a ɗauki SSD, gigabayit 512 in kuɗi ya yi ƙaranci, terabayit ɗaya in da hali, tunda FC 24 kaɗai gigabayit 100 yake nema. Tsohon faifai mai juyawa ba ya son ɗaukewar wuta kwatsam. Maganar gigabayit 100 kuma tana tuna wani kuɗin da ake mantawa: data. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari. Sauke wasa guda ta wayar hannu a Kibiya zai iya cin kuɗin sandar RAM. Dabarar halal ita ce a sayi wasan a Steam, a kwafo fayilolinsa daga abokin da ya riga ya sauke, manhajar ta tantance su ta cike ɗan abin da ya rage.

Madabod ba ya ƙara gudun wasa, don haka ba a zuba masa kuɗi. Ga Ryzen, B450 ko A520 sun isa, B550 in farashinsu ya yi kusa. Ramin AM4 da suke amfani da shi tun 2016 yake, shi ya sa kayansa suka yawaita a kasuwar na hannu. Sai dai tsohon B450 ba zai gane firosesar zubin 5000 ba sai an sabunta masa BIOS, kuma in wuta ta ɗauke ana cikin sabuntawar, allon na iya mutuwa. Wannan aiki a shago ake yinsa, a gaban mai kaya, kafin a miƙa kuɗi.

Zafi da ƙura

Masu gwajin kaya a Turai da Amurka a ɗaki mai digiri 21 ko 22 suke auna zafin firosesa. A ƙasar Kano, daga Maris zuwa Mayu rana tana haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba silin kuwa har dare bai gama hucewa ba. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, firosesa ma sai ta ƙara kusan irinsa. Wadda aka gani tana 70 a bidiyo za ta kusanci 90 a Rano a watan Afrilu, alhali iyakar 5600G digiri 95 ce, daga nan sai ta fara rage gudu don ta ceci kanta. Wannan ma wani dalili ne na fifita kaya masu ƙarancin ci.

Kesin mai gilashi gaba da gefe da fitilu masu canza launi yana da kyau a hoto, amma tanda ne. Mai raga a gaba, da fanka biyu masu shigo da iska da ɗaya mai fitarwa, shi ne na wannan ƙasa. In iskar da ke shiga ta matata ta fi wadda ke fita yawa, ƙura ba ta samun kutsowa ta ramukan gefe. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, matatar sai an kakkaɓe ta kusan kowane mako. A ɗora kwamfutar a kan tebur, ba a ƙasa ba inda tsintsiya ke tayar da ƙura. Busasshiyar iskar hunturu kuma tana tara wa jiki ɗan lantarkin da ke ba mutum tsartsi in ya taɓa ƙofar mota. Kafin a taɓa RAM ko madabod a fara dafa ƙarfen kesin. Abin lura shi ne lokacin da kuɗin kaka ke shigowa hannu, shi ne daidai wannan lokacin.

Ranar shiga Kano

Sayen irin waɗannan kaya sai an shiga birni, titin Beirut ko kasuwar Farm Centre, ko kuma a yi oda daga Computer Village da ke Ikeja a Legas. Oda daga nesa takan fi zaɓi, amma in kaya ya zo a mace, mayar da shi wata shari'a ce. Ga wanda zai taso daga Kibiya ya bi ta Rano da Bunkure, kowace komawa kuɗin mota ne da yinin aiki guda. Saboda haka ya fi kyau a sayi madabod, firosesa, RAM da fawa-fak a wuri ɗaya, a haɗa su a kan teburin mai shago, a ga hoto ya fito.

A tafi da filasha ɗauke da manhajoji huɗu na kyauta. CPU-Z zai faɗi ainihin firosesa da RAM. GPU-Z na katin hoto ne. CrystalDiskInfo zai nuna awa nawa SSD ya yi yana aiki da sauran lafiyarsa, wanda ke saurin kunyata mai cewa sabo ne fil. FurMark kuma zai matsa wa kati lamba. A bar shi minti goma sha biyar ana kallon zafi, ana sauraron fanka, ana duba ko ɗige-ɗige ko layuka za su bayyana a monita. Mai shagon da ya hana a gwada ya riga ya ba da amsa. A nemi rasit mai ɗauke da lambar kowane kaya da kwanakin da aka yarda za a iya dawowa da shi, a rubuce, ba da baki ba.

Monita na hannu mai inci 22 ko 24 ya wadatar, talabijin ɗin gida ma zai yi in yana da HDMI, sai dai babba ya fi cin wuta. Hannun gem mai waya ya fi arha kuma ba ya neman caji.

Akwai wata magana da masu son kwamfuta ba sa son ji. Wanda burinsa kawai ya buga ƙwallo da abokai bayan sallar Isha'i, PlayStation 4 na hannu zai fi masa sauƙi da arha, kamar yadda masu gidajen gem suka daɗe da ganewa. Kwamfuta tana cin kuɗinta ne in za ta yi wani aikin da rana: tace bidiyon biki, zanen katin gayyata da fosta, koyon rubuta manhaja, ko ƙanne su riƙa gwajin jarrabawar JAMB a kanta. Wanda ke da irin wannan niyya, ya ƙara nauyi a kan firosesa da RAM, ya jinkirta kati.

In an gama ciniki, kada a ɗauko kwamfutar a haɗe da katin hoto a cikinta. Girgizar hanya, musamman in ƙarshen tafiyar a kan babur ne, tana iya tsage ramin madabod ko ta kwance ƙarfen sanyaya. A cire katin a mayar da shi ledarsa da kwalinsa, a riƙe a hannu, kesin kuma a kwantar da shi madabod na ƙasa, ba a but ɗin mota tsakanin buhuna ba. Kwalayen a adana su a gida har kwanakin da aka rubuta a rasit su cika.